Na Koma Raga: Littafin Sabon Golan Hoki a Edmonton

8 ga Oktoba, 2023

Golanmu ya samu aiki a Fort McMurray, can arewa da Edmonton a lardin Alberta na Kanada, ya tattara kayansa ya tafi. Kyaftin ne ya sanar da mu a ɗakin canza kaya bayan wasan daren jiya, kowa ya sunkuyar da kai yana kwance igiyar takalmi. Ba wanda ke son raga. Ni na ce zan gwada, ɗakin ya yi tsit, can wani daga kusurwa ya tambaye ni ko matata ta san da maganar.

Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba: ana yin sa ne a kan daskararren fili mai tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85, mutum shida kowane ɓangare, biyar suna yawo da sanduna, na shida yana tsaron raga. Abin da ake bugawa baƙin faifai ne na roba mai tauri, faɗinsa inci 3, kaurinsa inci 1, nauyinsa wajen giram 170. Ragar kuma ƙafa 6 ce a kwance, ƙafa 4 a tsaye. Gasarmu ta magidanta ce, ma'aikata da 'yan kwangila da direbobi, a rukunin ƙasa inda aka hana bangazar juna. Ana ba mu filin ne bayan yara da matasa sun gama nasu, wato goman dare ko sha ɗaya.

Da girmana na koyi tsayuwa a kan ƙanƙara, a filin unguwarmu, ina tura kujerar roba yara suna wuce ni. Tun da na shiga ƙungiyar nan a gefen dama nake buga gaba, kuma ni ne mafi nauyin ƙafa. Kafin in isa inda faifan yake, ya bar wurin. To me zai hana in tsaya inda dole ya zo ya same ni? Akwai kuma batun aljihu: gola ba ya biyan kuɗin rajista a ƙungiyarmu, kamar yadda ake yi a ƙungiyoyi da yawa a nan, saboda ƙarancinsu.

Jarome Iginla, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne kuma ya tashi nan kusa a St. Albert, da gola ya fara yana yaro saboda sha'awar Grant Fuhr, daga baya ya koma gefen dama ya yi suna a Calgary. Ni daga gefen daman nake dawowa raga, da furfura a gemu.

16 ga Oktoba

Kaya. Sabon saiti na gola yana cin dubban daloli, don haka na shiga Kijiji, shafin saye da sayarwa na intanet, na samu na hannu wurin wani dattijo da gwiwa ta sa ya yi ritaya. A garejinsa ya shimfiɗa min su ɗaya bayan ɗaya: katifun ƙafa biyu, wando mai kauri, sulken ƙirji da hannuwa, garkuwar hannun dama mai faffadan allo a bayanta, safar cafewa ta hagu, takalma, sanduna biyu. Kwalkwali kaɗai na ƙi saya a wurinsa. Shi na saya sabo, mai tambarin CSA na hukumar tantance ingancin kaya ta Kanada, mai ƙananan tagogin waya da bakin sanda ba zai kutsa ba. Akwai wani samfurin mai manyan tagogi irin na ƙwararru, ana gani sosai ta cikinsa, amma ba shi da wannan tambarin, ni kuma idona biyu ne kawai.

Sa kayan ma darasi ne. Akwai tsari, in ka saɓa shi sai ka kwance komai ka sake. Kariyar gaba da ta gwiwa tukuna, sai wando, sai takalma, sannan ka kwanta rub da ciki a kan katifun ka ɗaure su ta baya, da wata igiya da ke haɗa bakin katifa da bakin takalmi. Sulke daga baya, riga a kansa. Na gwada a falo. Da na miƙe, uwargida ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "Maigida, saura doki, ka zama ɗan lifidin Sarki." Ƙaramin ɗana kuwa ya ɗauko ƙwallon tanis ya fara jifa ba tare da neman izini ba.

Warin kayan ba a magana. An yanke musu hukuncin zama a gareji.

23 ga Oktoba

Na shiga ƙanƙara da kayan a karon farko, a lokacin da ake buɗe fili ga duk mai son motsa hannu da sanda. Abin da ya fara ba ni mamaki takalmin ne. Wuƙar takalmin ɗan wasa tana da lanƙwasa gaba da baya, shi ya sa yake iya juyawa a wuri ɗaya. Ta gola doguwa ce, kusan a miƙe take, an yi ta ne don tsayuwa daram da turawa gefe. Na yi niyyar yin kwana irin wadda na saba, takalmin ya ƙi, na zube. Tashi daga ƙasa da wannan lodi kuwa aiki ne na kansa.

Na biyu, hannu. Yawancin gololi da dama suke riƙe sanda, su cafe da hagu. Mu da aka raina da cewa ba a karɓar abu da hagu, sai ga ni ina koya wa hagun karɓa, dama kuma aikinta ture abu. Duk faifan da ya zo sama, damata ce ke fara zabura.

Wasu samari biyu suka yi ta buga min. Na tare kaɗan, mafi yawa da ƙirji, ba da dabara ba. Ba zafi, sai dai ƙara da wani dum da kake ji har haƙori. Wanda ya same ni a cikin cinya, daidai inda wando ya ƙare katifa ba ta fara ba, shi ne ya bar shaida, shuɗiya mai faɗin tafin hannu.

1 ga Nuwamba

Ranar Asabar da ta wuce Adam Johnson, ɗan wasan Nottingham Panthers, ya rasu a Ingila bayan wuƙar takalmi ta yanke shi a wuya ana cikin wasa a Sheffield. Duk ɗakin canza kaya maganar ke nan. Tsofaffin cikinmu suka tuno Clint Malarchuk, golan Buffalo, da irin haka ta same shi a 1989, Allah ya yi da sauran kwanansa. Gola yana yawan zama a ƙasa, wuyansa daidai tsayin takalman mutane. Na je shago na sayi abin kare wuya da kuma faifan roba mai haske da ake ratayawa a haɓar kwalkwali. Mai shagon ya ce tun Lahadi ake ta zuwa nema.

Yau kuma shekara 64 cif da daren da Andy Bathgate na New York Rangers ya fasa wa Jacques Plante, golan Montreal, fuska da faifai. Aka yi masa ɗinki, ya ce wa kocinsa Toe Blake ba zai koma fili ba sai da abin rufe fuskar da yake sawa a atisaye. Ba wani golan a benci, dole aka bar shi. Kafin wannan daren na 1959, kusan kowa da fuska tsirara yake tsaron raga a NHL, babbar gasar ƙwararru ta Kanada da Amurka, har ana ganin rufe ta ragwanta ne. Duk wata kariya a wasan nan sai da jini ya zuba kafin a yarda da ita.

13 ga Nuwamba

Wasan farko. An ci mu 8 da 3.

Tun la'asar cikina ke juyawa. Na lallashi kaina da labarin Glenn Hall, wanda gonarsa ke nan Stony Plain yamma da gari: ya tsare raga wasa 502 a jere ba fashi, ba abin rufe fuska, kuma an san shi da yin amai kafin wasa. In mai wannan tarihin cikinsa na juyawa, wane ni.

Abin da ban zata ba shi ne kaɗaici. Ɗan gaba yana yin minti ɗaya ko biyu ya koma benci, ya sha ruwa, ya yi hira, wani ya dafa kafaɗarsa. Gola yana nan daga farko har ƙarshe. In wasa ya koma can ɗaya gefen, kai kaɗai ne a rabin fili, gumi yana sanyi a bayanka, kana jin ƙarar fitilun rufi. Sai kawai ka ga mutum uku sun taso.

Daga cikin takwas ɗin, biyar ta tsakanin ƙafafuna suka wuce, ko kuma na tare na farko ya faɗo gaban mai bugu ya ƙarasa. Bayan an tashi, kowa ya zo ya bugi katifata da sanda, haka al'adar take ko an ci ko ba a ci ba. A ɗaki suka buɗe giyarsu, na buɗe fulas ɗin shayina mai citta, kyaftin ya ce kar in damu, wanda ya tafi ma da goma ya fara.

Garin nan ba ya yi wa gola uzuri. Oilers, ƙungiyar garin a NHL, sun fara kakar bana da ƙafar hagu, makon jiya aka tura golansu Jack Campbell ƙaramar ƙungiyarsu ta Bakersfield duk da kwangilar dala miliyan 25, jiya kuma aka sallami koci Jay Woodcroft. A rediyon mota ba abin da ake tattaunawa sai gololi. Na kashe.

4 ga Disamba

Na yi rajistar darasin gola na safiyar Lahadi. Ni da wata mata ma'aikaciyar jinya ne manya, sauran duk yara ne 'yan shekara goma zuwa sha uku, iyayensu na zaune a sama da kofunan kofi suna kallonmu.

Rabin sa'ar farko malamin bai fito da faifai ko ɗaya ba. Tafiya kawai a cikin shuɗin filin da ke gaban raga. Gajeren taku gefe-gefe, ƙafafu suna kallon gaba, don bin mai faifai in yana tafe a hankali. Sai doguwar turawa: ka juya ƙafa ɗaya ta kalli inda za ka, ka tura da ɗayar, ka tsaya cak da kaifin wuƙa. Daga turken dama zuwa saman shuɗi, daga nan zuwa turken hagu, a sake. Cinyoyina suka kama wuta. Yaran ko a jikinsu.

Sannan ya yi abin da ya buɗe min ido. Ya ɗaura doguwar igiya a turakun raga biyu, ya ja tsakiyarta har inda ya ajiye faifai, ta zama kusurwa uku. Ya ce duk bugun da zai shiga raga, a cikin igiyar nan zai bi, ba shi da wata hanya. Ya sa ni na tsaya a kan layin raga: fili ya rage dama da hagu, kowanne ya isa faifai ya wuce. Ya ce in matso gaba. Taku uku, sai ga katifuna suna taɓa igiya ta kowane gefe. Ban ƙara faɗi ba, ban ƙara sauri ba, amma ragar ta rufe. Daga nan ya sa na kwanta na sa idona daidai inda faifan yake, shi ya tsaya a raga. Abin da faifai ke gani daga ƙasa daban yake da abin da mai bugu ke gani daga tsaye. Saman ragar da nake ta tsoro, daga kusa kusan babu shi.

Sai gargaɗi biyu. Ka daidaita ƙirjinka da faifan, ba da jikin mai bugu ba, domin sandarsa tana iya nisan ƙafa uku ko huɗu daga jikinsa, kuma daga can bugun zai taso. Na biyu, fitowa gaba tana da farashi: in ya miƙa wa abokinsa a ɗaya gefen, tafiyarka ta yi tsawo. Kullum cikin ciniki kake tsakanin rufe wannan da isa wancan.

Na fahimci abin da ya faru da ni a wasan farko. Ɗan gaba an horar da shi ya bi faifai, ya kai masa hannu, ya yi wani abu. Wannan ɗabi'ar ce ke sa ni miƙa sanda, ina buɗe ƙafafu, ina zubewa tun mai bugu bai yanke shawara ba.

18 ga Disamba

Durƙuson malam-buɗe-littafi. Gwiwoyi a haɗe a ƙasa, ƙafafu a baje gefe, katifu su kwanta su rufe ƙasan raga, bakin sanda a kan ƙanƙara yana toshe tsakiya, ƙirji a miƙe. Glenn Hall ne ya fara yin sa, Patrick Roy da kocinsa François Allaire suka mai da shi tsari a Montreal tsakiyar shekarun 1980, yanzu kowane yaro da shi ake fara masa. Dalilin a fili yake: yawancin bugu ƙasa-ƙasa yake zuwa.

Yaran suna faɗawa su baje kamar ba ƙashi a jikinsu. Nawa durƙuson ƙunci gare shi, ƙafafuna a baya suke taruwa. Malamin ya ce kar in tilasta, ƙugun mai shekara arba'in da wani abu ba na ɗan sha biyu ba ne, in dai gwiwoyi sun haɗu sanda tana ƙasa, ya wadatar. Ya nuna min tashi: in dama za ka, ƙafar hagu za ka fara kafawa, ita ce mai tura ka.

An ci mu 5 da 4 ranar Alhamis. Ba ko ɗaya ta tsakanin ƙafafu.

7 ga Janairu, 2024

Ƙugun dama yana ciwo in na fito daga mota. Mai gashin ƙashi ta ba ni motsa jiki na minti goma safe da dare, ta ce in rage durƙuso a atisaye. Na sayi kariyar gwiwa mai kauri.

14 ga Janairu

Sanyin da ya sauko makon nan ya wuce 40 ƙasa da sifili a filin jirgin sama. Daren jiya wayoyin kowa suka yi ƙara da saƙon gwamnatin Alberta cewa a rage amfani da lantarki kar wuta ta ɗauke. Kayana da na bari a gareji da danshin gumi sun daskare, safar cafewa ta ƙi rufuwa. Uwargida ta sassauta hukunci, an ba su kusurwa a ɗakin ƙasa kusa da injin ɗumama gida, da sharaɗin ƙofa a rufe.

'Yan wasanmu takwas kacal suka iya tayar da motocinsu. Ɗan gaba yana iya cewa sanyi ya yi yawa ya kwanta abinsa. In gola bai zo ba, mutum ashirin sun fito a banza. Na je.

8 ga Fabrairu

Mun ci 3 da 1, kuma a ciki akwai abin da nake so in rubuta tun yana sabo.

Zagaye na uku, muna gaba da ɗaya, ɗan bayanmu ya zame ya faɗi a shuɗin layin da ya ratsa fili can nesa da raga. Ɗan wasansu mafi gudu ya taho shi kaɗai, ba kowa tsakanina da shi. Na fito saman shuɗi, na fara ja da baya daidai saurinsa. Ya motsa kafaɗa kamar zai buga. A Nuwamba da tuni na zube. Na tsaya. Ya ja faifan hagunsa, na bi shi da ɗan taku, ƙafafuna a ƙarƙashina. Ya sake jan sa dama, fili ya ƙare masa, ya tura shi cikin katifata a hankali kamar mai ajiye kaya. Na ɗora safa a kai, alƙali ya busa.

Ban yi wani abin a-zo-a-gani ba. A irin wannan karon, wanda ya fara motsi shi ne ya faɗi, kuma shi lokaci ke ƙure wa, ba ni ba. Duk tarewar da ta yi kyau a hoto, da tsalle da miƙa hannu, yawanci alama ce ta cewa golan ya makara. Wadda aka yi daidai, a ciki take samunka, 'yan kallo su ce mai bugun ne bai iya ba.

Na kuma fara magana. Daga raga kana ganin fili duka, ɗan bayanka kuwa fuskarsa na kallon katanga in ya je ɗauko faifai. Ina yi masa ihu ko akwai mutum a bayansa ko yana da lokaci. In saura daƙiƙu kaɗan wanda aka kora benci daga cikinsu ya dawo, ina buga sanda a ƙanƙara don a sani.

Oilers ma sun farfaɗo. Sun ci wasa 16 a jere kafin Vegas ta tsayar da su shekaranjiya, saura ɗaya su kamo tarihin Pittsburgh na 17. Golansu Stuart Skinner, ɗan garin nan, wanda ake zagi a rediyo a Nuwamba, yanzu yara na sa rigarsa.

22 ga Fabrairu

Lambata ta bazu. Ƙungiyoyin da ban sani ba suna turo saƙo ƙarfe tara na dare, golansu ba lafiya, ko zan iya zuwa. Ba wanda ya tambayi ko na iya. Na karɓi ɗaya a rukunin da ya fi namu, aka yi min ruwan faifai, bugunsu kafin ka gani ka ji shi. Amma fasinsu yana zuwa inda hankali ya ce zai zo. A rukuninmu mutum zai nufi sama faifan ya bi ƙasa yana tsalle-tsalle, shi kansa bai san inda za shi ba, balle ni.

Rana irin ta yau a 2020 gololin Carolina biyu suka ji rauni a Toronto, aka kira David Ayres, mai tuƙa motar Zamboni mai gyaran ƙanƙara, ɗan shekara 42. Bugu biyun farko suka shiga, ya tare takwas da suka biyo baya, Carolina ta ci 6 da 3. Kowane golan dare a Kanada ya san labarin nan, kuma ba wanda ke kashe wayarsa.

17 ga Maris

Azumi ya kama ranar Litinin. Lokacin wasanmu da kowa ke ƙorafi a kansa ya zame min alheri: a sha ruwa wajen bakwai da rabi, in yi tarawihi a masallacin Al Rashid, jakar kaya tana bayan mota, in wuce fili kai tsaye. Matsalar ruwa ce. Gola yana zubar da gumi fiye da kowa a cikin wannan lodi, kuma sa'o'in da ke tsakanin tashi daga wasa da sahur ba su da yawa. Na rage cin abu mai nauyi a buɗa-baki, kunu da dabino da ɗan ƙosai, sauran sai na dawo. Darasin safiyar Lahadi na ajiye shi sai bayan Sallah.

Kyaftin ya lura ban taɓa gorar ruwan da ke kan raga ba a wani atisayen yamma da muka yi, ya tambaya, na gaya masa. Wasan da ya biyo baya ya zo da lemon zaƙi yankakke a roba ya ajiye kusa da jakata bai ce komai ba.

7 ga Afrilu

An fitar da mu a zagayen farko na wasannin ƙarshe, 4 da 2, na huɗun a raga ba kowa bayan na fita an ƙara ɗan gaba. Ƙugu ya yi sauƙi, bai warke ba.

Abin da ya rage a gyara: faifan da ke dawowa daga katifa har yanzu tsakiya yake faɗawa maimakon kusurwa, kuma in na fita bayan raga don tsayar da faifai, 'yan bayana suna rufe ido. Riƙe turke in mai faifai yana bayan raga ma sai a hankali, salon da yara ke yi na jingina da gwiwa ɗaya a ƙasa ƙuguna bai yarda da shi ba tukuna.

Kyaftin ya ce tsohon golanmu zai iya dawowa gari da kaka, ya tambaya ko ina so in koma gefen dama. Na ce a'a, sai dai mu raba wasannin. Na sa tsofaffin takalmana da safar hannu na ɗan gaba a Kijiji, kuɗin zan haɗa in sayi safar cafewa da ta dace da hannuna, ta dattijon ta yi min yawa. Gasar bazara za ta fara a watan Mayu, na ba da sunana a matsayin gola.